Muhawara: Matan da ke cinye gudun fanfalaki a duniya, da wata yarinya mai gudu ba takalmi a Argungu

Malama Saratu: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Na san zancen ƙwallo ne ya mamaye gidan nan, amma yau ku ara mini fili. Makon jiya muka yi wasannin gidaje a makarantarmu. Akwai wata 'yar aji uku, shekararta 14, siririya kamar sillen kara, ba ta cika magana ba. An sa ta a mita 1,500 ne kawai don gidansu ba su da mai yi. Ta cire silifas ɗinta ta ajiye a gindin dogonyaro, ta tattare hijabinta ta ɗaure a ƙugu a kan dogon wando. Kafin a gama zagaye na uku ta riga ta kewayo ta wuce ta ƙarshe. Da aka ƙare, sauran suka zube ana yi musu fifita da kwalin littafi, ita kuwa ta ɗauki silifas ɗinta ta zo tana tambayata ko ta tafi, wai ranar ita ke da ɗiban ruwan ɗakinsu. Agogon wayata ya nuna minti 5 da daƙiƙa 19.

Tun ranar ban samu sukuni ba. Na yi ta kallon bidiyon gwanayen dogon gudu na duniya, su Faith Kipyegon da Beatrice Chebet da Sifan Hassan har data ta ƙare. Tambayata biyu ce. Abin da matan nan suke yi, gumi ne ko magani? In gumi ne, me ya sa duk faɗin Arewa ba mu da ko ɗaya?

Nasiru Aliero: Wa'alaikumus salam. Anti Saratu, ta farko ai an riga an amsa miki. Ruth Chepngetich ta Kenya da ta yi 2:09:56 a Shikago a Oktoban 2024, duniya ta ɗauka, ina take yanzu? An dakatar da ita shekara 3. Ni na zauna na kalli tseren nan, har na kira yarana na ce su zo su ga abin al'ajabi. Da labarin ya fito sai na ji kamar ni aka yaudara. Tun daga ranar na daina yarda da kowace a cikinsu.

Abdul Kalgo: Bari in fassara lambar don wanda bai saba ba. Gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, kamar ka tashi daga Birnin Kebbi ka bi ta Kalgo ka nufi Jega a ƙasa. 2:09:56 na nufin kowace kilomita a minti 3 da daƙiƙa 5. Ko kuma ka kewaya filin Haliru Abdu sau 105, kowane zagaye a daƙiƙa 74, ba tsayawa. Samarin gidan nan da yawa zagaye ɗaya tak ba za su yi a 74 ba.

Abin da ya sa mutane suka yi shakka tun kafin gwaji shi ne tsallen. Paula Radcliffe ta Ingila ta yi 2:15:25 a Landan a 2003, ya shekara 16 ba wadda ta taɓa shi. Brigid Kosgei ta sauke shi zuwa 2:14:04 a 2019. Tigst Assefa ta Habasha ta yi 2:11:53 a Balin a 2023. Shekara ɗaya bayan nan sai ga 2:09:56, daga macen da kafin ranar iyakarta 2:14:18. Fiye da minti 4 ta zaftare wa kanta a tashi ɗaya.

Nasiru Aliero: To ka gani. Ruwa ba ya tsami banza.

Sista Hadiza: Yaya Nasiru, a yi adalci a faɗi abin da aka samu yadda yake. Abin da aka gani a fitsarinta hydrochlorothiazide ne, kuma a samfurin watan Maris na 2025, wata biyar bayan Shikago. Wallahi maganin nan kullum sai na miƙa shi a asibiti, maganin hawan jini ne mai sa yawan fitsari, tsofaffinmu suna sha. Shi da kansa ba ya ƙara gudu. Dalilin haramta shi, yana wanke jiki ya tsarma fitsari, sai a iya ɓoye wani abin da shi. Shi ya sa aka hukunta ta, shi ya sa kuma ba a soke tarihin da ta kafa ba, tunda gwajin ya zo ne bayansa. Ba kare ta nake ba. Ni ma in an tambaye ni zan ce zuciyata ba ta kwanta da lambar nan ba. Amma tsakanin "zuciyata ba ta kwanta ba" da "duk 'yan magani ne" akwai tafiya mai nisa.

Nasiru Aliero: Sista, Rita Jeptoo fa? Jemima Sumgong da ta ci zinaren Olamfik a Riyo a 2016, a 2017 aka kama ta da EPO, allurar ƙara jini da aka haramta? Ɗaya ce ko biyu?

Sista Hadiza: Ba ɗaya ba ce, Kenya tana da matsala babba, su kansu sun sani. Amma ka tuna a gasar Olamfik ta Tokiyo 'yan wasan Najeriya 10 aka hana shiga fili saboda ba a yi musu adadin gwajin da doka ta ce ba, kuma Blessing Okagbare ta sha dakatarwar fiye da shekara 10. Ka yarda wani ya ce saboda haka daƙiƙa 12.12 da Tobi Amusan tamu ta yi a mita 100 na tsallake shinge a 2022 ma magani ne? Wake ɗaya ke ɓata gari, amma ba a zubar da rumbu saboda shi.

Malam Garba: Ɗiyata Saratu, sannu da ƙoƙari, Allah shi biya ki. Kamin mu tai Kenya, ni tambaya guda gare ni: filin ga naku, an auna shi da tef? Shekara 31 ina koyar da wasanni kamin in aje aiki, filayen makarantu da yawa da ake cewa mita 400, in anka sa tef sai a iske 350 ko ƙasa. Yara ka zana shi da toka ranar jajibiri, kowa da inda ƙafatai ta kai. In filin ya cika, 5:19 ba takalmi, ba horo, a shekara 14, abin dubawa na ƙwarai. In bai cika ba, kada mu ɗora ma yarinya kayan da ba nata ba.

Malama Saratu: Baba, gaskiya ba a auna ba. Yadda muka gada haka muke zanawa.

Malam Garba: To wanga shi na aikin farko. Tef ɗina na nan, mai mita 50.

Game da Nasiru kuwa, ɗana, ka manta takalmi. Tun da kamfanin Nike ya fito da Vaporfly a 2017, mai soso mai kauri da farantin kabon a ciki, lokuta sunka fara zubewa, maza da mata. Har hukumar wasannin motsa jiki ta duniya ta kafa doka a 2020 cewa kaurin tafin takalmin titi kada shi wuce milimita 40, faranti kuma guda. Wanda Assefa ta sa a Balin na Adidas ne, nauyinsa giram 138, kuɗinsa dala 500. Ga fitilu da ake jerawa gefen fili suna gudu gaban mutum daidai lokacin da ake nema. Ga maza masu jan gudu da ka tare ma mace iska tun daga farko har kusan ƙarshe. Radcliffe ba ta samu takalmin ga ba. Shi ya sa ni na fi ba tseren mata zalla muhimmanci. Assefa ta yi 2:15:50 a Landan a Afrilun 2025 ba namiji ko guda a gabanta, kamin ta Peres Jepchirchir ta yi 2:16:16 a 2024. Can ne kake ganin mace da ƙarfinta.

Anti Rifkatu: Ina gaida kowa daga Zuru. Saratu, zan gyara miki abu ɗaya: kin ce duk Arewa ba mu da ko ɗaya. 'Yan Filato za su ji haushi. Kusan duk masu dogon gudu na Najeriya daga can suke fitowa, yankin Jos da Pankshin, kuma Deborah Pam ta daɗe tana ɗaukar kyautar 'yan gida a tseren titi. Sai dai kin ga ai abin da na ce, kyautar 'yan gida. Tun da aka fara gudun fanfalaki na Legas a 2016, babbar kyautar daloli galibi Kenya da Habasha take tafiya. Haka tseren Okpekpe a Edo. Har sai da aka ware wa 'yan Najeriya nasu rukuni don kada su tashi hannu rabbana.

Ni na yi mita 800 da 1,500 ina sakandare. Ba wanda ya koya mana komai. Duwatsunmu muke hawa mu je gona, mu sauko da itace a ka, wannan ne horonmu. Na wakilci shiyya sau biyu. Na biyun, aka kai mu a bayan akori-kura tun asuba, muka yini a rana ba ruwa sai wanda muka saya, na zo ta ɗaya, aka ba ni bokitin roba da sabulu sanda biyu. Ba wanda ya rubuta lokacina. Ba wanda ya tambayi sunan babana. Na koma gida da bokitin, mamata ta yi murna, shi ke nan an gama. Yau shekarata 47, har yanzu ban san ko ni gwana ce ko kuwa sauran ne ba su iya ba. Wannan rashin sanin shi ke ci mini rai, ba rashin kuɗi ba.

Malama Saratu: Anti, kin sa ni hawaye. Abin da nake tsoron ya sami yarinyar nan ke nan.

Abdul Kalgo: Amma Anti Rifkatu, batun Filato ya nuna cewa tudu ne sirrin. Iten a Kenya mita 2,400 take sama da teku. Bekoji a Habasha, garin su Derartu Tulu da Tirunesh Dibaba, ta kai 2,800. Jos wajen 1,200 ce. Mu kuma a kwarin gulbi muke, ƙasan fadama, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Ko mun so, ƙasa ba ta ba mu ba.

Sista Hadiza: Tudu na da tasiri, ba musu. A can sama iskar da ke shiga jini ba ta kai ta ƙasa ba, sai ƙoda ta saki sinadarin EPO na halitta, jiki ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. In mutum ya sauko ƙasa sai ya zama kamar mai babban tanki. Shi ne ma abin da masu allura suke sata. Amma Abdul, ai ana zuwa tudu, ba sai an haife ka a kai ba. Turawa suna tafiya Iten su yi wata biyu su dawo. Muna da Mambila a Taraba, ta fi Jos tsawo.

Abin da ya fi damuna ba tudu ba ne, jini ne. 'Yan matan da nake gani a asibiti, ka ja fatar idonsu ka ga fari fat. Zazzaɓin cizon sauro duk damina, tsutsar ciki, ga al'ada ta fara, ga abinci tuwo da miyar kuka ba nama. Yarinya mai ƙarancin jini ko a Bekoji aka haife ta ba za ta yi gudu ba. Saratu, in da gaske kike, kafin takalmi a auna jininta. Wake, zogale, hanta ko sau ɗaya a mako, kifi kuwa ku a Argungu ba a ba ku labari. Kuma a kula, in aka matsa wa yarinya horo ba ta ci ta ƙoshi, al'adarta kan ɗauke, ƙashi ya yi rauni ya riƙa tsagewa. Wannan ya kashe wa 'yan gudu mata da yawa sana'a a ƙasashen da suka fi mu komai.

Hajiya Luba: Na yi shiru ina karantawa. Ku gafarce ni, ni uwa ce mai 'ya'ya mata huɗu, kuma zan faɗi abin da uwar yarinyar nan za ta faɗa in kun je. Kuna ta lissafin daƙiƙa, ba wanda ya ce ga inda za ta yi gudun. Da asuba a kan titi? A wannan zamani? Mun manta ɗaliban da aka sace a Birnin Yauri a 2021? Mun manta Jangebe, mun manta Maga? Yaran da ke cikin makaranta da katanga ma ba mu runtsa ido, balle wadda za ta fita bayan gari ita kaɗai. Na biyu, kayan da matan nan suke sawa, ni ba zan iya kallo tare da surukina ba, balle in ce 'yata ta sa. Na uku, Saratu, ke kin san garinmu. Ranar da aka ce 'yar wane tana tsere a gaban maza, wa zai kawo kayan gaisuwa gidansu?

Malama Saratu: Hajiya, ba ki faɗi ƙarya ba ko ɗaya. Shi ya sa na kawo maganar gaban manya.

Ustaz Bello: Bismillah. Hajiya ta kawo abu uku, ni zan taɓa wanda ya shafi addini kaɗai, don kada a jingina wa Musulunci abin da al'ada ce. Ya tabbata a Sunan Abi Dawud cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha a wata tafiya, ta tsere masa. Bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake, ya tsere mata, ya ce wannan a madadin waccan. Saboda haka gudun mace a kan kansa ba abin zargi ba ne. Inda magana take shi ne sutura da cakuɗuwa, kuma a nan ina tare da Hajiya ɗari bisa ɗari. Amma a lura, a wata riwayar sai da ya sa sahabbai suka yi gaba tukuna. Ke nan akwai hanyar yin abu cikin kamun kai. Makarantar mata, malama mace, dogon wando da rufin kai, ban ga abin hanawa ba. Abin da zai zo bayan nan, in ya zo, sai a sake zama a duba shi.

Abdul Kalgo: Allah ya gafarta Malam, kuma dokar tsere ba ta tilasta wa kowa gajeren kaya ba. Ruqaya Al-Ghasra ta Bahrain ta ci zinaren mita 200 a gasar Asiya a Doha a 2006 da hijabi da dogon wando.

Malama Saratu: Ni Sifan Hassan ce ta tsaya mini a rai. A Habasha aka haife ta, ta isa Holan tana 'yar gudun hijira a 2008 tana da shekara 15, kusan sa'ar yarinyata. A Tokiyo aka taɗe ta a zagayen ƙarshe na share fagen mita 1,500, ta faɗi warwas, ta tashi ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta zo ta farko, kuma a daren ranar ta ci zinaren mita 5,000. Fanfalakinta na farko a Landan a 2023, bayan ta yi horo cikin azumin Ramadan, ta tsaya a hanya tana miƙa ƙugu, an bar ta a baya, ta kamo su ta cinye. A gasar Olamfik ta Faris a 2024 kuwa: tagulla a 5,000, tagulla a 10,000 daren Juma'a, safiyar Lahadi ta fito fanfalaki. Saura 'yan mitoci ita da Assefa suka yi kafaɗa da kafaɗa a jikin shinge, ta kutsa ta wuce da daƙiƙa 3, 2:22:55. Da dare a bikin rufe gasa, duniya na kallo, ta hau dandamali ta karɓi zinarenta da ɗankwali lulluɓe da kanta. Na nuna wa 'yan ajina hoton nan, ajin ya yi tsit.

Hajiya Luba: Na ga hoton. Amma gudun ba da hijabin ta yi ba, Saratu. A faɗi duka.

Malama Saratu: Gaskiya ne Hajiya, ba da shi ta yi ba.

Anti Rifkatu: Hajiya, kan batun aure, ki dubi Kipyegon. Ba takalmi ta fara, har gasar duniya ta matasa ta gudun daji ta ci da ƙafa tsirara a 2011. Ta ci zinare a Riyo a 2016, lokacin ƙauyensu ko wutar lantarki babu, sai bayan nasararta aka ja musu. Ta yi aure, ta haifi 'yarta a 2018, mutane suka ce ta gama. Ta dawo ta ci zinare a Tokiyo, ta sake ci a Faris, sau uku a jere a mita 1,500, abin da ba wanda ya taɓa yi, mace ko namiji. A Yulin 2025 ta yi 3:48.68. Hellen Obiri uwa ce, Jepchirchir uwa ce. Haihuwa ba ta hana su ba, don akwai wanda ya riƙe musu wurinsu har suka dawo.

Kuma ku lura da wani abu da ba a cika faɗa ba: da yawansu ma'aikata ne. Chebet 'yar sanda ce, Obiri ta fito daga rundunar soja. Albashi na shiga ko an ci ko ba a ci ba. Mu ma Chioma Ajunwa da ta kawo mana zinare a Atlanta a 1996 ai 'yar sanda ce. Uba in ya ga gudu zai kai 'yarsa ga aiki ko gurbin karatu, da kansa zai raka ta fili. Mu Zuru mun san darajar kaki. In bokiti da sabulu ne ƙarshen abin, me zai sa ya yarda?

Nasiru Aliero: Anti, kin kawo masu daɗin. Agnes Tirop fa? An same ta a gidanta a Iten a Oktoban 2021 an daɓa mata wuƙa, wata guda bayan ta kafa tarihi a kilomita 10, mijinta aka gurfanar. Rebecca Cheptegei ta Yuganda ta yi fanfalakin Faris, ba a yi wata ba tsohon saurayinta ya watsa mata fetur ya cinna wuta. Kuɗin da muke yi musu sha'awa shi ke jawo musu ajali. Ni ina da ƙanne mata, wannan ya fi maganin ma tsorata ni.

Anti Rifkatu: Wannan gaskiya ce mai ɗaci, Nasiru, kuma na gode da ka kawo ta. Yarinya ta fito daga ƙauye tana 17, wani ya ce shi ne koci, gobe ya zama miji, jibi katin banki da takardar fili duk suna hannunsa. Amma ka duba, ba gudu ne ya kashe su ba, maza ne. Matan da ake kashewa a gidajensu ba su taɓa taka fili ba sun fi yawa. Darasin da na ɗauka shi ne kada a saki yarinya a hannun mutum ɗaya. Iyayenta su san komai, karatunta kada ya tsaya, mai horar da ita mace ce ko kuma da mace a wurin kullum.

Malam Garba: Ku bari in ba ku tarihi kaɗan, don yaran ga su san abin ga bai daɗe ba. Sai 1984 anka fara barin mata su yi fanfalaki a Olamfik, a Los Anjalis, Joan Benoit ta ci. Kamin nan cewa ake jikin mace ba shi ɗauka. A gasar nan ce Nawal El Moutawakel ta Maroko ta ci mita 400 na tsallake shinge. A 1992 a Basalona, ina zaune gaban talabijin na gidan wani abokina a Birnin Kebbi, Derartu Tulu ta ci mita 10,000, baƙar mace ta farko daga Afirka da ta ɗauki zinare, ta kama hannun Elana Meyer ta Afirka ta Kudu sunka kewaya fili tare. Hassiba Boulmerka ta Aljeriya ta ci 1,500 a gasar, alhali ana yi mata barazanar kisa a gida. Bekoji ƙaramin gari na, bai kai Argungu ba. Malamin wasanni guda, Sentayehu Eshetu, shi ya riƙa tara yara da safe cikin itatuwa shekara da shekaru. Da Derartu ta ci, kowace uwa a garin ta ga abin da ido, sauran sunka biyo. Tudu na nan tun fil azal, mi ya hana su ci kamin 1992? Ba a bar matan sun fito ba.

Abdul Kalgo: Baba, na karɓi wannan. Kuma inda abin ya nufa yanzu ya wuce tunani. Chebet ce mace ta farko da ta sauka ƙasa da minti 29 a mita 10,000, 28:54.14 a 2024, kuma ta farko ƙasa da minti 14 a 5,000, 13:58.06 a 2025. Zagaye 12 da rabi, kowanne daƙiƙa 67. Ta ɗauki zinare biyu a Faris, ta sake ɗaukar biyu a gasar duniya a Tokiyo a 2025. An haife ta a 2000, ba ta ma shiga fanfalaki ba tukuna. Ni hasashena, ranar da ta koma titi, in lafiya ta bari, ita ce za ta wanke 2:09:56 daga littafi, kowa ya huta da gardama.

Malam Garba: Kada ka yi saurin rantsuwa, ɗana. Letesenbet Gidey ta yi 1:02:52 a rabin fanfalaki a 2021, kowa ya ce tana shiga cikakke ta gama da shi, ba haka ta kasance ba. Assefa kuwa 'yar mita 800 ce, fanfalakinta na farko a Riyad 2:34 ta yi, wata shida bayan nan ta yi 2:15:37 a Balin. Bayan kilomita 30 wani gari na daban, ba a san mai shiga shi lafiya ba sai an isa.

Nasiru Aliero: Kipyegon da mil ɗaya ƙasa da minti 4 fa? An tara mata komai a Faris a Yunin 2025, riga ta musamman, takalmi, masu jan gudu sun kewaye ta, ta ƙare a 4:06.42.

Abdul Kalgo: Daƙiƙa 6 a mil rata ce babba, kusan mita 40. Ba na jin wannan zubin ne za su yi shi. Wataƙila wadda za ta yi tana firamare yanzu.

Nasiru Aliero: Abin mamaki, rashin yinsa ya sa na ɗan ƙara yarda da ita. Na ga fuskarta a zagayen ƙarshe, na ga mutum da ya kai iyakarsa. Amma kan Chepngetich ban sauya ba, kuma ba zan sauya ba.

Hajiya Luba: Ni ma kan titi da tafiye-tafiye ban sauya ba. Amma in cikin makaranta ne, da rana, da suturarta, ba ni da ta cewa. Saratu, kada ki tunkari uban kai tsaye, kuma kada ki je da zancen Kenya ko daloli, zai ɗauka 'yarsa za a raba shi da ita. Uwar za a fara gani. Ki turo mini unguwarsu ta akwatin sirri, in na san gidan ni zan raka ki. Kuma tun yanzu ki sani, in uwar ta ce a'a, daga bakina ba za ki ji na matsa mata ba.

Malama Saratu: Na yarda Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ita kanta yarinyar ban tambaye ta ba tukuna ko tana so. Gobe in Allah ya kai mu zan kira ta bayan tashi.

Ustaz Bello: Da wannan ya kamata a fara. In ta ce tana so kuma uwar ta amince, uban ku bar ni da shi.

Sista Hadiza: Gwajin jini a kaina. Amma ku kawo su su biyar ko shida, har da waɗanda suka zo ta biyu da ta uku, kada a ware ta ita kaɗai a sa mata ido.

Nasiru Aliero: A tambayo lambar ƙafarta. Ba na dala 500 ba, kambas mai kyau daga kasuwar Jega.

Malam Garba: Takalmi shi dakata, ƙafar da ta saba da ƙasa ba a ɗaure ta rana guda. Saratu, ki nemi izinin shugabar makaranta. Asabar in sha Allahu ina shigowa motar farko, da tef da igiya da turaku. Ki sa a tanadi toka bokiti biyu, kuma a share ƙayar da ke kwanar gabas in har yanzu tana nan.

Malama Saratu: Tana nan Baba. A kanta ta bi ta wuce.